Zubin Dara a Mashi, Buɗin Wasa a Reykjavik

Tsakanin Katsina da Daura tafiyar kimanin kilomita 80 ce, Mashi kuwa tana wajen tsakiyar hanya. Yawancin matafiya ta tagar mota kawai suka san garin: direba ya rage gudu, 'yan talla su yo caa da gyaɗa da rake da ruwan leda, a sauke mutum ɗaya a cusa biyu, a wuce. Ni dai a nan na sauka, saboda wani abokin karatuna da ke koyar da lissafi a wata sakandare ta garin ya daɗe yana ƙorafin na yar da zumunci. Lokacin an gama kaka, hunturu ya fara busawa. Tun da muka fita Katsina ta gabas gonaki suke fayau, an girbe gero da dawa, an jingina kara a gindin itatuwa, shanu na kalar abin da ya rage. Gawo ne kaɗai ke ta sabon ganye, shi da ba ya ado sai damina ta wuce. Shingayen jami'ai ba su da kaɗan a hanyar, don iyakar Nijar ba nisa, Ƙaramar Hukumar Mashi ma ta yi iyaka da ita. A wasu wuraren kuma ana cin karo da aikin layin dogon da zai taso daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya ya dire Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021.

A siyasa da shiyyar Daura ake lissafa Mashi, a sarauta kuwa Katsina take bi, hakiminta ne ke riƙe da sarautar Iyan Katsina. Wannan ya sa za ka ji mutum yana zancen garuruwan biyu duk a matsayin gida.

Bayan la'asar abokina ya ce mu zaga gari. Ba mu yi nisa ba muka tarar da mutane sun yi da'ira a gindin wata bedi, kawunansu duk a ƙasa, ba mai cewa uffan. Dara ake yi. Ba mai gida sha biyu da ake kwasa ana rabawa ba, ta ƙasa, wadda ake tona wa gurabe 30 a cikin rairayi, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Ɗaya ya kakkarya kara ya yi nasa, ɗayan ya tsinci 'yan duwatsu. Mai duwatsun dattijo ne, da farar gemu da tsohuwar hula zanna, ya naɗe ƙafa ya ɗora carbi a cinya. Mai karan saurayi ne ɗan acaɓa, ya jingina babur ɗinsa a jikin itacen, ko makulli bai zare ba.

Wasan kashi biyu ne. Da farko zubi: wannan ya sa ɗa ɗaya a gurbin da ya ga dama, wancan ya sa, har 'ya'ya 24 su ƙare, kuma ba a yarda ka jera uku a wannan lokacin ba. Sai tafiya: ka matsar da ɗanka gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin wasansa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda ya iya lissafi zai ga inda gizo ke saƙar: idan an gama zubi, gurabe shida ne kawai suka rage babu kowa. Wanda 'ya'yansa ke bakin waɗannan guraben shi ke da ƙafa. Wanda aka toshe kuwa dole ya motsa abin da ba ya so ya motsa, ya rushe gininsa da hannunsa.

Saurayin yana zubi yana hira, da zarar an sa ya sa. Dattijon kuwa sai ya riƙe dutse a tsakanin yatsu ya yi ta juya shi, har wani daga baya ya ce, “Baba, magariba fa na tafe.” Bai ɗaga kai ba. Can a tsakiyar zubi ya ajiye dutse a wani gurbi na bakin layi, nesa da inda ake cunkoso, 'yan kallo suka yi ɗan gunaguni, wasu na ganin ya yar da ɗa a banza. Da aka fara tafiya sai labari ya sha bamban. Yanzu dattijon ne mai sauri, saurayin ya koma tagumi. Cikin 'yan matse-matse kaɗan dutsen nan na bakin layi ya zama abokin wani, suka yi biyu a layin sama, ga wasu biyu daidai ƙasansu a layi na gaba, ga kuma ɗa guda a bakinsu. In ya hau sama ya cika uku, in ya sauko ya cika uku. Kowane motsi da ci. Saurayin ya duba ya ga ba shi da ɗan da zai kai ya toshe, ya share guraben da tafin hannu ya yi dariya.

Na durƙusa na gaishe da dattijon, na ce, “Baba, tun yaushe ka hango wannan?” Ya ce, “Tun ina zubi, yaro. Wanda ya bari sai an fara tafiya sannan ya fara tunani ai ya makara.” Ana kiran salla kowa ya kaɗe rigarsa aka nufi masallaci.

Da dare, bayan mun ci tuwon gero da miyar kuka, abokina ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado ya shimfiɗa allon leda mai gida 64, baƙi da fari. Shaɗaranji ne, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da giwaye da hasumiyoyi da dakaru, wadda 'yan boko ke kira ces. A Kano ya saye shi, kuma yana koya wa wasu ɗalibansa bayan an tashi makaranta. Ya ce, “Ka ga zubin Baba ɗazu. Bari in nuna maka na wasu mutane.” Ya buɗe wayarsa ya nemo wasan da aka buga ranar 23 ga Yuli, 1972, a Reykjavik babban birnin Iceland, ya ce in riƙe baƙaƙe shi ya riƙe farare, mu bi shi taku bayan taku.

Wasa na shida ne a gasar kambun duniya tsakanin Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, mai riƙe da kambun tun 1969, da Bobby Fischer na Amurka, ɗan shekara 29. Tun 1948 kambun bai bar hannun 'yan Sobiyet ba, ga yaƙin cacar baka ana tsakiyarsa, don haka duniya ta zuba ido. Kafin gasar Fischer bai taɓa cin Spassky ba, sau uku ya sha kashi, biyu suka yi canjaras. Ya faɗi wasan farko, na biyu ya ƙi zuwa aka ba Spassky, sannan ya farfaɗo, ya zamana an shiga wasa na shida kowa na da maki biyu da rabi.

A wannan dara ba a zubi, kowane ɗa yana da mazauninsa tun farko. Abin da ke matsayin zubi shi ne buɗin wasa, wato taku goma ko sha biyar na farko, inda kowa ke fito da mayaƙansa, ya nemi tsakiyar fili, ya ɓoye sarkinsa a lungu. Kowa ya san Fischer da buɗi ɗaya: ya tura dakaren da ke gaban sarki gida biyu, abin da ake rubutawa e4. Da wuya ƙwarai a ga ya fara da wani abu, kuma a kan haka mataimakan Spassky suka yi ta shiri. Ran nan sai ya miƙa hannu ya tura dakaren da ke gaban giwar ɓangaren sarauniya, c4. Bayan taku uku wasan ya rikiɗe ya koma tsohon buɗin nan na tayin sarauniya, inda farare ke miƙa dakare ɗaya don su janye na baƙaƙe daga tsakiya. Spassky ya ƙi karɓar tayin, ya bi tsarin kariyar da ake dangantawa da Tartakower, wadda ya ƙware a kanta matuƙa. Wato Fischer ya bar gonarsa ya shiga ta abokin hamayya da gangan.

Mun yi ta musayar 'ya'ya yadda rubutun ya nuna, doki da doki, giwa da giwa, har taku na 14, inda abokina ya ɗauki giwarsa ya dire ta a b5 ya ce in duba da kyau. Ba ta cin komai a wurin, ba ta kuma tsorata kowa. Aikinta kawai ta dagula wa dokin baƙaƙe fitowa, ta kuma ja su su tura dakaren gefe don korar ta. Spassky ya tura, a6. Taku ɗaya bayan haka ya wayi gari da dakaru biyu a tsakiyar fili, c5 da d5, kafaɗa da kafaɗa, ba wani dakare a dama ko hagu da zai kare su, kamar awaki biyu da aka bari a fili ba makiyayi. In suka samu tafiya suna da ƙarfi, in aka tsayar da su sai sun cinye lokacin manyan mayaƙa wajen gadi.

Abin da ya biyo baya ne ya sa na gyara zama. A taku na 18 Fischer ya sa doki a d4, daidai bakin dakaren baƙaƙe, amma dakaren ba ya iya ci, don in ya gusa sarauniyarsa ta tafi. Ya ba da dokin ya karɓi giwa, sannan a taku na 20 ya tura e4, takun nan da aka san shi da shi, wanda ya ƙi yi a farko ya ajiye sai yanzu. Spassky ya wuce da dakarensa gaba zuwa d4, sai gidan c4 ya buɗe, giwar farare ta zo ta zauna a ciki tana hangen lungun sarki. Sarauniyar Fischer da ke can gefen hagu a a3 ta ratsa layi guda ɗungurungum ta faɗa h3 a gefen dama. Daga nan ni da ke riƙe da baƙaƙe na fara jin abin da saurayin nan ɗan acaɓa ya ji. 'Ya'yana ba su gaza na farare yawa ba, amma ba mai wurin zuwa. Daga taku na 32 zuwa na 36 ba abin da zakaran duniya ya yi sai kai sarauniya e8 ya dawo da ita d8, ya sake kai ta, yana jiran abin da za a yi da shi. A taku na 38 Fischer ya ba da hasumiya ya ɗauke dokin da ke tsare ƙofa. A na 41 Spassky ya miƙa wuya. 'Yan kallo suka ɗauki tafi, shi ma Spassky ya taya su tafa wa wanda ya kayar da shi, kuma wannan halin nasa ya burge ni ba kaɗan ba. Fischer ya shiga gaba ke nan bai sake komawa baya ba, ya ɗauki kambun da maki 12½ da 8½.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan wasa ita ce taku na 14. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Giwar nan ta b5 ba Fischer ya ƙirƙiro ta ba. Semyon Furman ya buga ta a 1970 ya ci Efim Geller da ita, Geller ɗin kuma yana cikin mataimakan Spassky a Reykjavik. A 1973, a garin Hilversum na ƙasar Holan, Jan Timman ya buga wa Geller ita, sai Geller ya ƙi korar giwar da dakare, ya matsar da sarauniya zuwa b7, ya bar dakare ɗaya a ci, ya kuma ci wasan. Daga nan kasuwar wannan taku ta faɗi. Mutum biyar, gari uku, shekara uku, ana gardama a kan taku ɗaya, kuma kowa yana gini a kan abin da na gabansa ya bari a rubuce.

A nan ne raina ya ɗan sosu. Fischer ya rasu a 2008, Spassky a 2025, amma ga mu a ɗaki a Mashi, da fitilar caji, muna bin tunaninsu ba tare da ko taku ɗaya ya ɓace ba, saboda a gasa dokar wasan ta wajabta wa kowane ɗan wasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa. Wasan da na gani da la'asar kuwa tafin hannu ɗaya ya shafe shi. Ban yarda cewa kan dattijon nan ya gaza na waɗancan zurfi ba. Ya shekara da shekaru yana gwada zubi iri-iri, ya san wanda ke haihuwa da wanda ba ya haihuwa, ya san amsar kowace dabara da 'yan garin ke zuwa da ita. Duk wannan a ƙirjinsa yake. Saurayin da ya sha kashi ba shi da inda zai koma ya duba a wane ɗa ya kuskure, sai dai ya sake zama a sake cinye shi, har Allah ya sa ya gane.

Rubuta buɗin wasa kuma ba Turawa suka fara shi ba. Daga Indiya wasan ya taso wajen ƙarni na shida, ya shiga Farisa, Musulmi suka ɗauke shi suka kai shi har Andalus. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, al-Adli a ƙarni na tara da al-Suli a ƙarni na goma sun rubuta littattafai a kansa, suka tsara hanyoyin jera runduna a farkon wasa, kowace da sunanta. Sai a ƙarshen ƙarni na 15 aka canza dokoki a Turai, sarauniya ta zama mafi ƙarfin 'ya'ya. A ƙasarmu ma ba baƙo ba ne ƙwarai, don a shekarun 1930 Turawan mulki sun rubuta bayanin wani nau'insa da suka tarar a Borno ana kiransa tsatsarandi.

Na tambayi abokina ko iyayen yara ba sa yi masa magana, don na san matsayin malamanmu. Imamu Malik ya ƙi wasan, Risala ma ta hana shi, Imamu Shafi'i kuwa ya sassauta matuƙar ba caca, ba kuma shagala daga salla. Ya ce wani uba ya taɓa zuwa har makaranta, ya zaunar da shi ya nuna masa ba kuɗi a ciki, ba a jefa ƙwaya don neman sa'a, kuma ana naɗe allo kafin la'asar. Uban ya ce zai yi shawara da malaminsa, kuma abokina bai ja da shi ba. Ina ganin daidai ya yi. Magana ce ta malamai, kowa kuma yana da wanda yake bi.

A kudu wasan ya yi nisa. Odion Aikhoje ya ciyo wa Nijeriya lambar zinare a allo na biyu a gasar ƙasashen duniya da aka yi a Elista ta Rasha a 1998. Tunde Onakoya, wanda ya koyi wasan a shagon aski a Ikorodu, ya kafa shirin koya wa yaran unguwannin talakawan Legas a 2018, ya kuma zauna a dandalin Times Square na New York ya yi awa 60 yana bugawa a Afrilun 2024, ya koma a 2025 ya yi 64. Ina taya su murna da zuciya ɗaya, ina kuma son yaran Mashi su samu allo da mai koyarwa. Amma yaron da ya tashi yana leƙen dara ta kafaɗar kakansa ba daga sifili zai fara ba. Ya riga ya san a yi haƙuri a farko, ya san a ƙirga guraben da ba kowa, ya san ɗan da aka ajiye nesa yana iya zama shi ne wasan. A bikin wasanni na ƙasa ana fafatawa a dambe da kokawa da langa da ayo ta Yarbawa, kuma ban ga abin da ayo ta fi darar ƙasa da shi ba in ban da an tsara mata doka an sa mata alƙali.

Da na bar Mashi, Daura na nufa, ta Shargalle. Na shiga Kusugu na ja guga na sha ruwa yadda kowane baƙo ke yi, mai kula da rijiyar yana ba da labarin Bayajidda da aka ce daga Bagadaza ya fito, da Sarauniya Daurama. Na wuce ta ƙofar fadar Sarki Umar Faruk Umar, wanda ke kan gadon tun 2007, ban tsaya ba, don hankalina yana kan neman dandalin dara. Na same shi kusa da tasha, kuma a nan na ga wahalar da ke gaban duk mai son shirya gasa. 'Yan gindin bedi na Mashi ba sa cin ɗan da ke cikin jeren uku da aka riga aka kafa, sai a nemi wani. Waɗannan kuwa ci suke yi, kuma da na faɗa musu yadda na gani a can sai wani ya ce, “Malam, ai wannan darar yara ce.” Bambancin ba ƙarami ba ne, yana canza zubin gaba ɗaya, domin inda jere ke da kariya kowa zai yi rige-rigen kafa shi, inda ba shi da ita kuwa sai an yi tanadin na maye gurbi. Kafin ɗan Mashi da ɗan Daura da ɗan Maraɗi su zauna a fili ɗaya, sai dattawan wasan sun zauna sun tsayar da magana a kan wannan, da kan yawan gurabe, da wanda zai fara sa ɗa.

Na kira abokina daga tasha na gaya masa. Ashe shi ma bai kwana da zancen a banza ba. Ya zana guraben 30 a takarda, ya ba layukan tsaye haruffa daga a zuwa f, na kwance lambobi daga 1 zuwa 5, ya ga zubi gaba ɗaya bai wuce layi biyu na littafin rubutu ba. Ya nemi izinin dattijon, ya sa ɗalibansa biyu su riƙa zama a gindin bedi da biro, ɗaya na rubuta na kara, ɗaya na duwatsu, tare da rubuta dokar da aka bi a saman shafi. Tambayar da yake son ya fara amsawa ta malamin lissafi ce. A shaɗaranji an tara wasanni masu ɗimbin yawa an ƙirga, an ga farare da ke fara taku suna samun kimanin kashi 54 zuwa 55 cikin ɗari na maki. Yana so ya san ko mai fara zubi ne ke da rinjaye a dara, ko kuwa mai sa ɗan ƙarshe, wanda ya ga komai kafin ya rufe hannu. 'Yan dandalin sun rabu biyu a kan haka, kowa na rantsuwa da nasa. Shi dai ya ce sai ya tara wasa ɗari a rubuce kafin ya sa baki.